Sola Mai Lissafi da Tafiyar da Gida a Ƙauyukan Arewacin Kano

Na'urorin lantarki masu lissafi su ne waɗanda ke auna wutar da ta shigo gida da wadda aka sha, su yanke wa kansu lokacin bayarwa da lokacin hanawa, wasu ma su aika rahoto ta layin waya zuwa ga kamfanin da ya sayar da su. A Turai da Amurka, inda ɗauke wuta baƙon abu ne, aikinsu rage ɓarna: na'ura ta sassauta ɗumin ɗaki idan masu gida sun fita, ko ta jinkirta injin wanki zuwa tsakar dare lokacin da kuɗin wuta ke sauka. A ƙauyukan arewacin Jihar Kano, daga Ungogo da Minjibir da Gezawa har Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi, Bichi da Tsanyawa, fasahar ta shigo da wata kama. A nan aikinta rabon 'yar wutar da ake da ita, da kuma karɓar kuɗinta kaɗan-kaɗan daga hannun mutanen da ba su da albashi. Siffarta da aka fi gani ita ce ƙaramar sola ta gida da ake saye bashi, sai mita mai kati a garuruwan da waya ta isa, sai kuma ƙananan tashoshin sola na gari guda.

Yankin yana cikin karkara mafi cunkoso a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa ɗan Ingila wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarinsa tun shekarun 1960, ya nuna yadda ɗaruruwan mutane ke zaune a kan kowace murabba'in kilomita, gona manne da gona, ana noma duk shekara ba tare da an bar ƙasa ta huta ba, ana ciyar da ita da takin dabbobi da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni. Yawan jama'a bai jawo musu wuta ba. Kamfanin KEDCO, wanda ya gaji rarraba lantarki a Kano da Katsina da Jigawa a Nuwamban 2013, layukansa sun fi bin kwalta da hedikwatun ƙananan hukumomi. Unguwar da ta ratse kilomita biyu ko uku daga titi sau da yawa ba ta da ko turke ɗaya, wadda ke da shi kuma idan taransifoma ta ƙone takan shafe watanni ana karo-karo. Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna fiye da mutum miliyan 80 a Najeriya ba su da lantarki, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Ƙaramin janareta ne ya daɗe yana cike giɓin ga mai hali, har ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A ɗaya gefen, farashin farantin sola a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a shekarun 2010. Haɗuwar waɗannan biyu ce ta hau da sola kan rufin soro da na kwano.

Solar gida tana da sassa huɗu: faranti mai juya hasken rana zuwa wuta, batir mai ajiye ta, na'urar tsaro da ke tsakaninsu, sai kayan da ke shan wutar, wato ƙwayaye, wurin cajin waya, rediyo, fanka, wani lokaci da talabijin. Duk wayon yana cikin na'urar tsaro. Ita ke hana batir cika fiye da kima, ita ke yanke wuta kafin ya zuƙe ƙarƙaf, domin zuƙewa ce ke kashe batir da wuri. A sababbin akwatunan sola takan nuna a ɗan gilashi yawan cajin da ya rage da kwanakin da aka biya, wasu kuma sukan rage hasken ƙwai da kansu idan caji ya yi ƙasa, don ya kai asuba.

A cikin na'urar tsaron ne kuma makullin biyan bashi yake. Mai saye yakan ba da kafin alƙalami ya tafi da kaya, sannan ya riƙa biyan na kwana ko na mako ko na wata. Da ya biya, sai lambobi su shigo wayarsa ta saƙo, ya danna su a jikin akwatin, ya buɗe na adadin kwanakin da kuɗin ya saya. Wasu akwatunan suna da layin waya a cikinsu, kamfani na buɗewa yana rufewa daga ofis. Kwanaki na ƙarewa akwati zai yi shiru, ko da batir cike yake fal. Idan aka kammala biya, yawanci bayan shekara ɗaya zuwa uku ga ƙananan, sai a aiko lambar ƙarshe, kaya su zama na mai gida. Tsarin ya yi suna ne a Kenya, inda kamfanin M-KOPA ya ɗora shi a kan hanyar tura kuɗi ta M-Pesa a farkon shekarun 2010. A Najeriya, Lumos ya haɗa gwiwa da MTN ya fito da akwati mai faranti wat 80 da ake biya da kuɗin katin waya, kamfanoni irin su Sun King da d.light kuma suka baza wakilai a kasuwanni da garuruwa. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, duk da wahalar da ya jawo, ya koya wa mutanen karkara da yawa tura kuɗi ta waya da mu'amala da masu POS, abin da ya sauƙaƙa wannan ciniki.

Kafin a fahimci yadda na'urar ke juya al'amuran gida, sai an san lissafinta, kuma ba mai wuya ba ne. Ƙarfin kowane kayan wuta da wat ake auna shi, abin da ya sha kuwa shi ne ƙarfinsa sau awannin da ya yi a kunne. Ranar Kano tana ba da abin da ya yi daidai da awa biyar zuwa shida na cikakken haske a yini. Faranti mai wat 50, bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya, yakan tara kusan wat-awa 200. Ƙwan LED mai wat 3 da ya yi awa biyar ya sha 15, huɗu irinsa sun sha 60. Cika babbar waya ɗaya yana cin 10 zuwa 15. Fankar sola mai wat 12 da ta kwana tana juyawa awa takwas ta kusa cinye 100, wato rabin abin da aka tara. Dutsen guga kuwa wat 1,000 ne, cikin minti goma sha biyu zai shanye aikin yini guda, shi ya sa na gawayi bai bar gidajen da ke da sola ba. Batir tamkar randa yake: abin da aka zuba da rana shi za a sha da dare, wanda ya yi wanka da shi da la'asar kuma ba shi da na alwalar asuba.

Wannan lissafi ne ke sake tsara yini. Da asuba batir yana ƙasa, saboda haka ƙwai ɗaya a tsakar gida ya isa ga alwala da hura wuta da dama koko. Daga hantsi zuwa azahar faranti yana kan ganiyarsa, kuma da zarar batir ya cika, duk hasken da ya biyo baya asara ne idan ba a yi amfani da shi nan take ba. Gidan da ya gane haka yakan mayar da cajin wayoyi da tocila da rediyo zuwa tsakar rana, maimakon al'adar da aka saba ta jona waya lokacin kwanciya. Yawancin maza suna gona ko kasuwa a wannan lokaci, don haka kula da akwatin ya faɗa hannun matan gida, waɗanda suke tsakar gida ana surfe da daka da sana'a. Su ne ke lura da inuwar darbejiya ko ta katanga da ta hau faranti, su ne ke sa yaro ya gyara shi. Inuwa ba abin rainawa ba ce, domin ƙwayoyin faranti a jere suke haɗe, ganye ɗaya da ya rufe kusurwa yana iya rage wutar gaba ɗaya. A gidajen da ake tsoron ɓarayi ba a kafe faranti, fito da shi ake yi da safe a shigar da shi da magariba, aikin da ya shiga jerin ayyukan yara tare da ɗaure awaki da rufe akurki.

Daga magariba zuwa bayan isha'i ne ake rububi. Tuwo, karatun yara na allo da na boko, ɗinkin hula, tsince gyaɗa, haɗa ƙullun ƙosan gobe, labarun rediyo, duk a cikin awa uku ko huɗu suke taruwa. A da, aci-balbal da fitilar kananzir ne suka riƙe wannan lokaci, daga baya tocila 'yar Sin mai cin batir ta kore su, almajirai kuma wutar kara suke kewayewa. Ribar sola da ta fi fitowa fili ita ce ta mata masu sana'ar hannu, waɗanda rana ke ƙare musu a kan girki da raino, sai dare suke samun zama. Ita kuwa fanka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ta wuce kayan jin daɗi ga jariri da tsoho da mara lafiya.

Akwai wata matsala da masu ƙera akwatunan ba su yi tunaninta ba. An tsara su ne don gida mai ɗaki biyu ko uku a jere, da ƙwai uku ko huɗu da gajerun wayoyi. Gidan Bahaushe na karkara kuwa zaure ne da turaka da ɗakunan mata da sassan 'ya'ya da ƙanne, kowanne a ware. Ƙwai uku a gida mai mata biyu da tsohuwa da zaure magana ce ta adalci, fanka ɗaya tak kuma ta fi haka zafi. Wasu magidanta sukan sa fanka ta bi ranar girki, wasu su sayi ƙananan fitilu masu nasu faranti a raba ɗaki-ɗaki. Hanya ta biyu ta fi kawo zaman lafiya, ko da ta ɗan fi tsada. Idan mace ce ta sayi nata da kuɗin adashi, akwatin nata ne kamar yadda kwanukanta suke nata, kuma ba a rasa wadda ke karɓar 'yan kuɗi tana yi wa maƙwabta caji.

Shekara ma tana da nata tasirin, kuma lokacin wuta da lokacin kuɗi ba sa tafiya tare. Da bazara rana ta fi ƙarfi, buƙatar fanka ta fi yawa, sai dai zafi yana rage aikin faranti da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da jikinsa ya haura 25, yana kuma tsufar da batir. Don haka ake son a bar sarari tsakanin faranti da kwano iska ta riƙa wucewa, akwati kuma a ajiye shi a ɗaki mai sanyi. Da damina, musamman a markar Agusta, hadari kan rufe rana kwana biyu ko uku, batir ya kasa cika. Wannan ne kuma lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi suka tafi taki da ƙwadago, biyan sola ya koma bayan layi. Da kaka aljihu ya buɗe. Da hunturu hazo yana tare hasken, ƙura kuma tana kwanciya a kan gilashi, sai an riƙa sharewa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi. Tsarin biyan da ke neman kuɗi iri ɗaya kowane mako an yi shi ne da mai albashi a zuci. Manomin gero da dawa da gyaɗa ya fi dacewa da wanda zai ba shi damar zuba na watanni da kaka ya huta da damina, kuma mai saye yana da haƙƙin tambayar wannan kafin ya sa hannu. Cin rani ya zama mafita ga gidaje da yawa: ɗa ko miji da ke Legas ko Abuja ko Fatakwal yakan biya daga can, lambobi su shigo wayar gida.

Sayen bashi ya fi sayen hannu tsada, wani lokaci da tazara mai yawa, kuma wakilai sun fi son faɗin kuɗin kwana ɗaya a kan jimilla. Takardar yarjejeniya galibi da Turanci take. Abin da ya kamata a ji da baki, a kuma gani a rubuce, shi ne jimillar kuɗin, da tsawon garanti, da wurin kai gyara, da abin da zai faru idan aka yi makonni ba a biya ba, ko za a zo a ɗauke kaya, da makomar abin da aka riga aka zuba. Ta fuskar addini, jumhurun malamai sun halatta sayar da kaya bashi a farashin da ya ɗara na hannu, muddin an tsayar da farashi ɗaya tun wurin ƙulla ciniki. Ƙarin kuɗi saboda jinkirin biya shi ne inda shubuhar riba take, don haka ya dace a bincika shi musamman. Ya kamata kuma a sani cewa akwati mai layi yana kai wa kamfani labarin lokacin kunnawa da kashewa da yadda ake biya, bayanan da ake dubawa idan mutum ya nemi bashin talabijin ko waya daga baya. Masu gyara da ke alƙawarin cire makulli kuwa suna jefa mai gida cikin saɓa alƙawari da asarar garanti, ga haɗarin ƙona akwatin.

A garuruwan da ke kan layin KEDCO, mita mai kati tana aiki da irin wannan dabara: a saya, a sami lambobi 20, a danna. Amfaninta shi ne ta raba mutum da bil na ƙiyasi. Hukumar NERC ta kasa layuka rukuni biyar gwargwadon awannin wuta, daga rukunin A mai aƙalla awa 20 zuwa E mai awa 4, a Afrilun 2024 kuma ta ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane kilowat-awa. Layukan karkara galibi suna ƙasan jerin, saboda haka mita ba ta hana gida neman sola.

Tashar sola ta gari ita ce tsaka-tsaki tsakanin layin KEDCO da solar gida. Dokar NERC ta 2016 ta ba 'yan kasuwa damar kafa tashar da ba ta wuce megawat ɗaya ba su sayar wa jama'a kai tsaye. Hukumar REA mai kula da lantarkin karkara tana tallafa wa irin wannan da rancen Bankin Duniya, dala miliyan 350 a 2018, sai dala miliyan 750 a shirin DARES da aka amince da shi a Disamban 2023. Mitocin waɗannan tashoshi suna iya ƙayyade nauyin da kowane gida zai ɗora, suna kuma iya sa wutar rana ta fi ta dare araha. Inda aka yi haka, injin niƙa da walda da firjin ƙanƙara da zoɓo sukan koma aiki da tsakar rana. Cunkoson arewacin Kano abin so ne ga mai zuba jari, domin gajeriyar waya za ta kai gidaje masu yawa, kodayake unguwannin da ke warwatse cikin gonaki solar gida ce dai za ta ci gaba da yi musu. A fadamun madatsun ruwa irin su Watari da Tomas kuma famfon sola ya fara karɓar aikin injin fetur a noman rani.

Murhu ne fasahar ba ta taɓa ba, alhali shi ne ya fi komai cin makamashi a gida. Tafasa ruwa lita biyar kawai yana buƙatar sama da wat-awa 400, ninki biyu na abin da faranti mai wat 50 ke tarawa a yini, ballantana tuwon mutum goma sha biyar da miya. Itace da kara da kashin shanu ne ke ɗauke da wannan nauyi, mata da 'yan goye ne ke shaƙar hayaƙin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida tana kashe kimanin mutum miliyan 3 a duniya duk shekara. Tukunyar lantarki mai tururi tana rage cin wuta ƙwarai, amma sai a kan tashar gari ko babbar sola. Gas ya yi tsada ga yawancin gidaje. Abin da ke kusa da hannu shi ne murhu mai tsimin itace, na ƙasa ko na ƙarfe, irin Save80 da ake haɗawa a Kano. Sanyaya abinci ma yana da hanyar da ba ta neman wuta: tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya sami kyautar Rolex a 2000.

Faranti mai kyau yana iya wuce shekara 20, idan aka fuskantar da shi kudu aka ɗan kishingiɗa shi yadda ruwan sama zai wanke shi. Batir ne ke riga mutuwa. Na litiyam da ke cikin sababbin akwatuna yakan kai shekara biyar ko fiye, na dalma kuwa, wanda masu haɗa sola da kansu suka fi saya saboda araha, da wuya ya wuce biyu zuwa uku a zafin Kano, musamman idan an haɗa shi kai tsaye ba na'urar tsaro. Kasuwa kuma cike take da faranti da aka rubuta wa wat ɗin da bai kai ba.

Mataccen batirin dalma guba ne. Mutanen Arewa sun ga abin da dalma ke yi a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Ruwan batir yana ƙona fata da ido, garin da ke cikinsa kuma idan ya zube a tsakar gida inda yara ke rarrafe ake shanya hatsi, ba ya ruɓewa. Kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya, kada a bar yara su yi wasa da shi. A mayar da shi ga dillalin da ya sayar, ko a sayar wa mai saye a rufe kamar yadda yake.